Ladanin Cikin Wayar Yaya Rahamatu

Sanarwar da aka manna a bangon buron wani firoje, wato ofishin wani aikin raya karkara, a Tanut ta ƙunshi sharuɗɗa da dama, kuma na cika su duka in ban da guda ɗaya. Ana neman matasa masu difilom da za su zaga rijiyoyin makiyaya na yankin Belbeji, suna yi wa masu shayar da dabbobi tambayoyi. Difilom kam ina da shi, na ilimin ƙasa, wanda na samo a Damagaram. Tun da na dawo gida yake kwance cikin akwatin mahaifiyata, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla. Abin da ba ni da shi shi ne babbar waya, irin wadda ake shafawa. Sharaɗin ƙarshe ya ce kowa ya zo ranar gwaji da wayarsa, an riga an sa mata aplikasiyon da za a yi aikin da shi. Wanda wayarsa ta yi aiki a bakin rijiya za a ɗauke shi. Wanda tasa ta gaza, ya koma gida ya ci gaba da jira.

Na daɗe ina jira, don haka na tafi wurin yayata Rahamatu. Tana da wata tsohuwar waya da mijinta ya kawo mata daga Agadas tun ɗanta na fari yana goye. Gilashinta ya tsage daga kusurwa, murfin bayanta kuwa da kyauro aka ɗaure shi. Yaya ta zare ɗan katin ajiyar da hotunanta suke ciki, ta ƙulle shi a gefen zane, sannan ta miƙo mini wayar.

"Ga ta nan, Abdulgafar. Tsohuwa ce, sai da lallashi. In ta yi zafi ka bar ta ta huta."

Na yi ƙoƙarin sa aplikasiyon da kaina, wayar ta ce ba ta da wuri. Na goge abin da na gane, ta sake cewa ba ta da wuri. Da na ga zan yi ɓarna, sai na nufi kasuwa, rumfar Sabi'u.

Sabi'u ɗan kawuna ne, wato taubashina. Sana'arsa cajin wayoyi da hasken rana, da tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi. Tun daga nesa ya hango ni, ya tare ni da "Mushe", wato Malam a Faransancin 'yan boko.

"A'a! Yau bawana ne da kansa a rumfata? Mushe Difilom! Ashe akwai abin da boko bai iya ba?"

"Sabi'u, don Allah, yau ba wasa ya kawo ni ba."

"Ai kai ko ranar sunanka ba ka yi wasa ba. Kawo mu gani."

Na bayyana masa komai dalla-dalla. Na ce abu ɗaya tak nake so, na nuna masa sunansa, na maimaita. Ya juya wayar gaba da baya, ya ce wannan ai da ita aka yi yaƙin duniya, sannan ya haɗa ta da kwamfutarsa. Ba a jima ba ya nuna mini aplikasiyon firoje ya zauna daram, da 'yar alamarsa mai launin shuɗi. Na buɗe, ya buɗu. Na rufe, na sake buɗewa, ya sake buɗuwa. Na biya shi haƙƙinsa. Daidai nan aka kira la'asar, batirin kuma ya yi ƙasa, sai na bar wayar a caji na tafi masallaci.

Da na dawo ban gane ta ba. Fuskarta ta koma ruwan zinariya, kuma kowace alama da ke kanta ta zama ɗan akwatin zinariya mai kama da ɗan'uwansa, sunayensu a rubuce da wani rubutu mai lanƙwasa da ido ba ya iya kamawa. Ina ɗaukarta wata murya ta mace ta yi magana daga cikinta da harshen da ban sani ba.

"Mene ne wannan?"

"Gyara ce," in ji Sabi'u, yana washe baki. "Ka taɓa ganin an auna wa mutum tiyar hatsi ba a ɗora masa hannu guda a kai ba? Ko mai nono ta hana ka ludayin gyara? Baƙo ma ina yi masa, balle bawana. Wannan matar da ka ji, cika da raguwar batiri take faɗa maka. Ga ladani na sa maka, ba za ka ƙara makara salla ba. Ga kyamara mai fito da mutum kamar ango. Ga mai tsintsiya, shi yake share waya in ta yi nauyi. Akwai ma na korar sauro, amma wannan sai damina za ka gode mini."

"Ai na ce maka abu ɗaya nake so."

"Ɗayan yana nan, ban taɓa shi ba." Ya danna wani akwatin zinariya a jere na biyu, aplikasiyon firoje ya buɗu. "Ka gani? Sauran kyauta ce."

Na buɗe baki zan ce ya cire su, sai na ga mutanen rumfar duk sun zuba mini ido. Fara'ar Sabi'u ma ta soma raguwa. A garinmu mutum yana iya yin ciniki har makogwaronsa ya bushe, amma ba ya ture gyara ya ce a mayar cikin buhu. Wanda ya yi haka ya ce wa mai ba shi ke nan hannunsa ba shi da albarka. Na yi godiya, na sa wayar a aljihu. A gida na gaya wa Inna damuwata, ta ce, "Ɗan kawunka ya yi maka alheri kana ɓata fuska? Abin da aka ƙara ai ba ya ragewa." Na dai haddace cewa nawa yana jere na biyu, na uku daga hagu.

Ranar gwaji motar firoje ta kwashe mu daga Belbeji da sassafe, ta bi wata hanyar rairayi zuwa wata rijiyar makiyaya. Shugabar aikin, Madam Mu'minat, mace ce mai ƙarancin magana, da gilashi a ido da babbar na'ura a hannu. A bakin rijiyar jakuna suna jan igiya, wasakai suna fitowa cike ana juye su a kwami, shanu da tumaki da raƙuma kowane garke yana jiran layinsa. Madam ta raba mu, kowa da makiyayinsa.

"Ku ɗauki wurin da rijiyar take, ku ɗauki hotonta, ku yi tambayoyin har ƙarshe, ku adana," in ji ta. "Ku sani ba wanda zai tsaya dominku. Dabbobin mutum na gama sha zai kora su ya tafi."

Ni aka haɗa ni da wani dattijon Bafillace mai suna Adamu, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa. Shanunsa ne suka fara hawa kwami. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ciro wayar, na ƙirga jere na biyu, na uku daga hagu. Aplikasiyon ya buɗu. Na yi hamdala a zuci, na tambayi sunansa da inda ya fito, na rubuta. Na tambaye shi nisan da yake yi kafin ya iso ruwa. Ya buɗe baki zai amsa ke nan, sai wayar ta ɗaga murya:

"Allahu akbar, Allahu akbar!"

Murya ce mai daɗi ƙwarai, mai ƙarfi fiye da yadda na zaci tsohuwar waya za ta iya. Hantsi bai gama duban ludayi ba. Baffa Adamu ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni, ya sake duban rana. Masu jan ruwa suka tsayar da jakuna. Yatsana ya kai kan gilashin, amma ya tsaya. Yaya za a yi in katse kiran salla a tsakiya, a gaban dattijo, a gaban jama'a? Wata zuciyar ta ce mini ai ba lokacinsa ba ne, na wata ƙasa ne can gabas inda azahar ta riga ta yi. Wata ta ce sunan Allah ne dai ake ambata, ko na wace ƙasa ne. Ina cikin wannan shawara na ji Baffa Adamu yana amsa wa ladanin ƙasa-ƙasa, jimla bayan jimla. Sai ni ma na bi. Ladanin ba mai gaggawa ba ne, yana jan kowace kalma iya numfashinsa. Shanu kuwa ba su tsaya ba, suna ta sha.

Da aka gama muka shafa addu'a. Baffa Adamu ya ce, "Ɗana, wannan ladani naka ba ɗan ƙasar nan ba ne ko?"

"Baƙo ne, Baffa. Mu ci gaba."

Muka ci gaba. Na yi nisa sosai, har na kai tambayar watannin da rijiyar take ja baya, sai na ji bayan wayar ya ɗau zafi a tafin hannuna. Kwatsam wani ɗan mutum mai tsintsiya ya fito a kan gilashin, ya share daga dama zuwa hagu, ya yi mini murmushi, ya ɓace. Tare da shi tambayoyina suka ɓace. Ba abin da ya rage sai akwatunan zinariya. Na buɗe aplikasiyon, na tarar da shafin fari fat, ko sunan Baffa Adamu babu.

"Baffa, ka yi haƙuri, mene ne sunanka?"

"Bai canja ba tun ɗazu."

Na ce bari in fara ɗaukar hoton rijiyar, kada shi ma ya kuɓuce. Na ɗauka. Abin da ya fito ya sa na goge gilashin da bakin rigata. Rijiya dai ga ta, amma jajayen furanni sun kewaye ta, taurari suna zubowa daga sama, jakin da ke gefe an yi masa jan kumatu. Baffa Adamu, wanda ya shigo ta gefen hoton, ya yi fari sol, ba tamoji ko ɗaya a fuskarsa. Ya leƙo ta kafaɗata ya daɗe yana kallo.

"Wane ne wannan yaron mai malfata?"

Matar cikin wayar ta zaɓi wannan lokaci ta yi jawabinta. Madam Mu'minat ta ji, ta taho. Ta karɓi wayar, ta dubi hoton, ta cire gilashin idonta, ta mayar.

"Mushe Abdulgafar, rijiya muka aiko ka ɗauka ko katin biki?"

"Madam, ba ni na sa su ba. Gyara ce aka yi mini."

"Gyara?"

"Taubashina ne. Na sayi abu ɗaya, ya ƙara mini da sauran."

Na ga gefen bakinta ya motsa, amma ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini wayar. "Wannan tsohuwar ba za ta ɗauki kayan nan duka ta ɗauki aikina ba. Ka sauke mata su yanzu. Rabin shanun mutuminka sun riga sun ƙoshi."

Na tsuguna a inuwar motar na fara cirewa. Matsalar ita ce duk kamarsu ɗaya, rana kuma tana haska gilashin, tsagar da ke kusurwa tana cin rabin sunayen. Na cire na farko, na cire na biyu. Ban san cewa duk wanda na cire, na bayansa suna matsowa su cike gurbinsa ba. Na tsallake jere na biyu, na uku daga hagu, da matuƙar kulawa, na cire na gabansa. Da na kai kan wanda na tabbata ladanin ne, domin da na taɓa shi hoton hasumiya ya fito, sai hannuna ya sake tsayawa. Baffa Adamu yana tsaye a kaina, ya dogara da sandarsa.

"Baffa, babu laifi in na cire shi?"

"Sallamarsa za ka yi, ba korarsa ba. Ya koma garinsu, can ana bukatarsa. Mu nan rana ba ta ɓuya."

Na sallame shi. Daga ƙarshe na kai ga wanda ya rina wayar, ina cire shi zinariyar ta zube, alamomin suka dawo da kamanninsu na asali. Na duba jere na biyu, na uku daga hagu, wanda na yi ta karewa kamar ƙwai. Hoton sauro ne, an ja masa jan layi. Na duba sama, na duba ƙasa, na shafa zuwa shafi na gaba. 'Yar alamar nan mai launin shuɗi babu ita. Da hannuna na cire ta, ban ma san a karo na nawa ba.

Na miƙe tsaye, na sake tsugunawa. Babu rezo, wato sabis ɗin waya, a wurin ko ɗigo, balle in sake sauko da shi. Na tuna akwatin Inna, da yadda zan shiga gida in ce mata abin da aka ƙara ya rage. Na ji Baffa Adamu yana kiran shanunsa da sunayensu.

"Kai, ɗan Tanut, lafiya kake magana kai kaɗai?"

Wata ce daga cikin masu gwajin, Zuhaira, 'yar Gangara, wadda muka zauna kusa a mota. Ta riga ta gama nata, tana shan ruwa. Na nuna mata wayar ba tare da na iya haɗa jimla ba. Ta gane.

"Kunna bulutus ɗinka in turo maka. Ba ya bukatar rezo."

Na kunna. Muka kusanta wayoyin, wani ɗan layi ya fara tafiya a hankali kamar hawainiya. Shanun ƙarshe suna ɗaga kai daga kwami, ruwa yana zuba daga bakinsu. Layin ya kai ƙarshe. Sai na ga wani sabon saƙo ya fito, yana tambaya ko na yarda in karɓi abu na biyu.

"Wannan fa?"

"Ɗan wani abu ne mai sa waya sauri. Karɓi, gyara ce."

Ta faɗe shi da fara'a, ita da ta cece ni yanzun nan. Na ji irin nauyin da na ji a rumfar Sabi'u ya sauko mini a harshe. Na dubi fuskarta, na dubi ƙurar da shanun suka fara tayarwa.

"Na gode, Zuhaira. Allah ya saka da alheri. Amma ba na so."

"Ba ka so?" Ta zaro ido. "Anya kai ɗan ƙasarmu ta Damargu ne?"

"Yau dai ban sani ba," na ce, na danna ƙi.

Madam ta karɓi wayar ta zuba mata tambayoyin daga na'urarta. Na ruga bakin rijiya na ɗauki wurin, na ɗauki hoto. Rijiya ta fito rijiya, da laka da igiyoyi da jaki mai launin jaki. Kafin in juyo, Baffa Adamu ya riga ya bi bayan garkensa. Na bi shi da gudu, takalmana suna nutsewa a rairayi.

"Baffa! Baffa, sunanka!"

Bai tsaya ba, bai kuma ƙara sauri ba. "Adamu, ɗana. In ka sake tambaya zan fara shakkar kaina."

Haka muka yi tambayoyin muna tafe, ni ina kauce wa ƙahonni da kashin shanu, shi yana amsawa yana daka wa wani maraƙi tsawa. A kowace tambaya ina jiran wani ya fito daga cikin wayar, mai tsintsiya ko mai jawabi, amma ba wanda ya fito. Da na kai ta ƙarshe na danna adanawa, na tsaya ina kallon gilashin har sai da ya ce an adana. Na ɗaga kai in yi godiya, na tarar ya yi nisa, ya ɗaga mini sanda kawai ba tare da ya waiwayo ba. Rijiyar ta koma 'yar ƙarama a bayana.

Na iso motar ina haki, kowa ya riga ya shiga. Madam ta bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan hoton.

"Ranar Litinin ka zo buro da sassafe," in ji ta. "Da wannan wayar, yadda take yanzu. In na sake jin wata mata tana magana a aljihunka, ku biyun zan sallama."

Washegari batirin ya kusa mutuwa, kuma unguwarmu ba wuta. Ba yadda zan yi, na koma rumfar Sabi'u. Labari ya riga ni isa.

"Bawana ya zama ma'aikaci! Kawo in sa maka caji, yau kyauta." Ya kunna ta, ya shafa, ya sake shafawa. Fara'arsa ta ɗauke. "Ina ladanina? Ina zinariyar? Wa ya yi wa wayar nan aski?"

"Ni ne."

"Duka?"

"Na bar na sauro."

Ban bar shi da niyya ba, mantawa na yi, amma ban ga amfanin faɗa ba. Sabi'u ya ƙura wa sauron da aka ja wa jan layi ido, kamar mai duba ko wannan ya isa a ce ba a mayar masa da hannu ba. Can ya gyaɗa kai.

"To, da sauƙi. Dama shi ne mafi tsada a cikinsu."

Ya soka mata waya ta caji, ya kai hannu zai jawo kwamfutarsa kusa. Na jawo benci na zauna dab da teburin, na ɗora tafina a kan wayar.

"Ba za ka je masallaci ba? An kusa kiran la'asar."

"Tare za mu je, da ni da kai da ita."

Mutanen rumfar suka fashe da dariya. Sabi'u ya harare ni, ya buɗe wata tsohuwar jaka ƙarƙashin tebur yana ta lalube. Ya ciro wata rigar waya ta roba, ruwan hoda, mai kunnuwan zomo, ya ajiye ta a kan hannuna.

"Wannan ba ta shiga ciki, a waje take tsayawa. In ka ƙi ta, wallahi sai na kai ƙararka wurin Gwaggo, Innarka."

Na juya ta gaba da baya ina neman inda za ta iya cutar da ni, ban gano ba. Ta fi wayar girma kaɗan. Na cire kyauron Yaya Rahamatu, na sa wayar cikin rigar, sannan na mayar da kyauron a kai.